Tagar Ɗakin Takaba

Ranar da mahaifiyata Mma ta cika kwana saba'in cikin takaba, ranar na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kuma don Allah kada wani ya ce soyayya ce ta rufe mini ido. Idona biyu na aikata, da kyakkyawar niyya.

Sunana Meimuna, 'yar fari kuma tilo a wurin marigayi Malam Alassani mai ɗinkin manyan riguna. Shekarata ashirin da bakwai a lokacin, ina buga tafireta a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome. A Zango, mace mai shekaruna da ba ta yi aure ba, ko atishawa ta yi sai an ce rashin miji ne. Ni kuwa ba masoyi na rasa ba. Shekara uku muna tare da Nata'ala. Yardar mahaifina na rasa, ga shi ya tafi da ita kabari.

Laifin Nata'ala ɗaya ne tak: sa gilashi ne sana'arsa.

A shekarar saba'in da bakwai aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari, aka kwaso mu a manyan motoci aka zube a nan bayan gari. A filin aka ta da dogayen benaye. Ɗaya daga cikinsu ya zauna daidai kan zauren da Baba ya yi shekara talatin yana ɗinki a bakin ƙofarsa. Kamfanin da Nata'ala ke wa aiki ne ya lulluɓe benen da wani irin gilashi mai ruwan tagulla, wanda ke barin haske ya shiga, ya mayar da zafin rana waje. Da rana na ciki yana ganin titi tar, na waje kuwa kansa kawai yake gani.

Sau ɗaya Baba ya je wurin. Ya tsaya a bakin titi yana neman inda ƙofarsa take, sai ya ga wani tsoho da sanda yana kallonsa daga cikin bango. Ya dawo gida bai ci tuwo ba.

A wancan zamani ba a zagin waɗanda suka aiko da buldoza. Jam'iyya ɗaya ce, ko a uwar ɗaka mutum zai ambace ta sai ya rage murya. To, haushin Baba ya rasa inda zai sauka, sai a kan Nata'ala.

"Yaron da ya sa wa kabarin gidana madubi," haka yake kiransa. "Ba zai taɓa zama kan tabarmata da sunan suruki ba."

Bai janye wannan magana ba har ya cika.

Bayan addu'ar bakwai, ƙaninsa Baba Issifou, wanda ya zama waliyyina, ya tara mu ya ce shi ba zai yi wa babbar mace dole ba, ba zai kuma take maganar mamaci da ƙafarsa ba. In Mma ta fita takaba, abin da ta ce shi ke nan. Ni ma na yi wa kaina alkawari ba zan shiga gidan kowa ba tare da albarkarta ba.

Gwaggo Ajaratu, yayar Baba, ita ta tare a gidanmu don taya Mma zama. Zaman kuwa har da kamfe, domin tana da nata ɗan takarar, Alhaji Bobbo mai manyan motocin da ke sauko da shanu daga arewa. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma da ya ji ɗakin Mma na da zafi, sai ya aiko da zungureriyar fanka, alhali layinmu ko turken wutar lantarki ba a kafa ba. Gwaggo ta ajiye ta a tsakar gida tana goge ta kullum safe, duk wanda ya shigo gaisuwa sai an nuna masa.

*

Ɗakin Mma yana kallon yamma, rufin kwano ne, taga ɗaya mai murfin katako. In an buɗe, daga azahar rana za ta shigo ta gasa mutum har kan gado. In an rufe, duhu ne kamar cikin randa. Mma ta zaɓi duhu.

Wata biyu tana ciki. Ta fara tari, ta rame, da tsakar rana sai ta lalubi carbinta da hannu. Wata rana na shiga da koko na tarar tana salla ta ba alƙibla baya, ba ta sani ba. Na fito na jingina da bango na yi kuka mai isata.

Washegari da hutun rana Nata'ala ya same ni a gindin bishiyar da ke gaban ofis. Dogo ne, baƙi, hannuwansa duk ƙananan tabon yanka. Yana ganin idona ya ajiye ƙunshin ayabar da ya kawo mini.

"Wa ya taɓa ki?"

Na gaya masa. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya fara zane a jikin takardar ƙunshin. Haka yake, in abu ya dame shi ba ya lallashi, sai ya hau aune-aune.

"Écoute, saurara, Meimuna. Akwai ragowar gilashin nan da gefensa ya ɗan fashe, shugaban aiki ya ce in ɗauka. In na yanke zai isa tagarku. Haske zai shiga, fiye da rabin zafin zai koma. A sama in bar ƙofar iska. In kafa farin allo a ƙarƙashinta, rana ta doke shi, shi kuma ya jefa hasken a rufin ɗaki, ya sauko mata a hankali ba ya soka ido."

"Wane gilashi? Na benen?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi."

"Nata'ala, ka san abin da Baba ya ce a kan gilashin nan."

"Na sani. Kullum na hau igiya ina aiki a jikin bene ina jin maganar a bayana. Amma abin da na iya ke nan. Ba ni da shanu. Bar ni in yi mata abu guda na alheri da hannun da aka tsine wa."

Da wannan maganar ya gama da ni. Na ce to.

Ranar Asabar Gwaggo ta tafi suna Adidogome tun da safe. Na ce wa Mma wani mai aiki zai gyara taga, ta koma ɗakina. Ba ta tambayi ko wane ne ba. Nata'ala ya zo da gilashin a naɗe cikin tsohon bargo, ya cire takalmi a ƙofa kamar mai shiga masallaci. Ya yi aikinsa shiru, ko guduma a hankali yake bugawa. Kafin la'asar ya kwashe kayansa ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Na riƙo hannun Mma na mayar da ita.

A bakin ƙofa ta tsaya. Ɗakin ya cika da wani haske mai taushi, ruwan zuma-zuma, ga iska tana wucewa ta sama. Ana ganin tsakar gida, da igiyar shanya, da kajin maƙwabta, amma rana ba ta cizo. Ta ɗaga hannuwanta tana juya su, kamar ta daɗe ba ta gan su ba.

"Ke," ta ce. Mma ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, kunyar 'yar fari. "Wane ne mai aikin nan?"

"Wani ne daga cikin gari, Mma."

"Allah ya yi wa hannunsa albarka."

Na ce amin a fili, na ce amin sau goma a zuci. Na fita ina ganin kamar an riga an shafa fatiha.

*

Abin da ban faɗa ba shi ne wannan. Ranar da aka kai Baba, Gwaggo ta sa ni da kaina na tattara duk madubin gidan, har ɗan ƙaramin da ke jakata, aka kulle a akwati. Ta ce mai takaba ba ta duba madubi. In ta duba, mijinta za ta gani tsaye a bayanta, kuma in ya ga ta gan shi ba zai sake ta ba. Ta kuma ba Mma 'yar wuƙa ta riƙa riƙewa don kada kurwarsa ta kusance ta. Limamin unguwa ya sha faɗa cewa wannan ba ya cikin littafi, amma liman bai taɓa zama ɗaki ɗaya da Gwaggo Ajaratu ba.

Abu ɗaya Mma ta ƙi bari a taɓa: farar babbar rigar Baba, wadda ya yi wa aiki da hannunsa. Tana rataye a ƙusa a bangon bayan gado, hularsa a samanta.

Da aka kira magariba na kunna mata fitilar ƙwai kamar kullum, na ajiye kan kujera, na fita alwala. Ina wanke ƙafa Gwaggo ta yi sallama da ƙunshin naman suna.

Sai muka ji ƙara.

Ban taɓa jin irin wannan murya daga bakin mahaifiyata ba, ko ranar rasuwar. Na yar da buta na ruga. Na same ta durƙushe a ƙasa, wuƙar a hannunta, ɗaya hannun yana nuna taga.

"Ga shi nan! Malam! Ga shi nan!"

Na duba. Babu tsakar gida, babu igiyar shanya. Tagar ta zama madubi daga sama har ƙasa. A ciki ga Mma, ga ni, ga fitila. A bayanmu kuma ga dogon mutum cikin farar riga da hula, kafaɗunsa a buɗe, inda fuska ya kamata ta kasance duhu ne kawai.

Wallahi na san riga ce. Ni na goge ta da sallar bara. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ka yafe mini."

Gwaggo ta shigo da salati, ta fizge mayafinta ta rufe tagar, ta juyo kaina.

"Wa ya kawo madubi ɗakin mai takaba? Wa?"

"Ba madubi ba ne, Gwaggo, gilashi ne, da rana..."

"Na ce wa ya sa shi?"

Na kasa ƙarya karo na biyu. "Nata'ala ne."

Ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"La ilaha illallahu! Bai ishe shi ba? Ya sa wa gidan ƙanina madubi har baƙin ciki ya kashe shi, yanzu ya biyo matarsa har ɗakin takaba? Ke kuma ke kika buɗe masa ƙofa! Ke da na sa ki kulle madubai da hannunki!"

Mma kuwa tana nan a durƙushe. Idonta na kan mayafin da ya rufe tagar.

*

Da Litinin ban iya buga ko layi ɗaya daidai ba. Da Nata'ala ya zo, ban bari ya zauna ba.

"Ka san yana zama madubi?"

Ya dube ni da mamaki. "In an kunna fitila a ciki, waje ya yi duhu, i. Haka yake. Duk ɓangaren da haske ya fi yawa, nan madubin yake komawa. Wanda ke cikin duhu shi ke ganin na cikin haske."

"Ka sani, ba ka gaya mini ba?"

"Ban ɗauke shi abin faɗa ba. A ofisoshi muke sa shi, ƙarfe shida kowa ya tashi. A gida kuwa labule ake ja. Me ya faru?"

Na gaya masa ina kuka, har mai sayar da lemo ta juya mana baya don kunya. Ina magana fuskarsa tana sauyawa. Ya zauna a kan dutse ya dafe kai.

"Ban sani ba. Wallahi tallahi ban sani ba. Ina shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi, daga nan sai makarantar kwana. Ban taɓa zama gidan da ake takaba ba. Da kin ce mini an kwashe madubai..."

"Da ka ce mini gilashinka na juyewa..."

Shi ya san gilashi bai san takaba ba, ni na san takaba ban san gilashi ba, kuma duk tsawon ranar Asabar muna tsakar gida ɗaya ba wanda ya buɗe baki.

"Zan zo in cire," ya ce. "In durƙusa in ba ta haƙuri, ko ta bayan ƙofa ne."

"Gwaggo za ta cinye ka ɗanye."

"Ta cinye." Ya ɗago, idonsa ja. "Akwai kuma wata magana. Kamfani ya samu aiki a Abijan, shekara huɗu. An sa sunana. Na ce su jira har Mma ta fita takaba. In ta ce a'a, Meimuna, ba zan iya zama garin nan ina wuce ki a titi ba. C'est tout, shi ke nan."

"Ka tafi ka bar ni da fanka?"

Ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Ni ma haka.

Da la'asar ɗin Laraba ya zo da jakar kayan aikinsa. Ya tarar da taro: Baba Issifou a kan kujera, Gwaggo a tsaye, Alhaji Bobbo kuma ya zo da magini da bulo a bayan mota, a toshe tagar gaba ɗaya a huta. Nata'ala ya durƙusa ya gaida kowa. Alhaji ne kaɗai ya amsa, shi ma da ka.

"Cire tsiyarka ka fita," in ji Gwaggo.

Ya nufi tagar. Bai kai ga taɓa ta ba muka ji muryar Mma daga ciki, a hankali amma ba rawa.

"Kada wanda ya taɓa mini taga."

"Kadidja!" Gwaggo ta ce. "Kin san abin da kike faɗa?"

"Yaya, ɗakina ne. A bar mini tagata."

Baba Issifou ya kaɗa kai ya ce mai ɗaki ta yi magana. Magini ya mayar da bulonsa. Na saci kallon Nata'ala. Ni a wautata na ɗauka nasara ce.

*

Tun daga ranar Mma ta hana ni kunna mata fitila. Da kanta take kunnawa. Ta idar da magariba, ta cire labulen da Gwaggo ta rataya, ta ja kujera ta zauna a wuri ɗaya kullum, inda rigar za ta faɗo daidai bayan kafaɗarta ta dama. Sai ta fara hira.

Ina jin ta daga tsakar gida. Tana ba shi labarin wanda ya zo gaisuwa, da tsadar gawayi, da ɗigar da rufi ke yi. Wani lokaci ta yi shiru kamar mai saurare, sannan ta yi 'yar dariya. Tarinta ya tafi, ta fara cin abinci, har kumatu ta yi. Amma in na shiga da safe sai in ga idonta yana wuce ni, yana duban inda rana take, yana jiran ta faɗi.

Gwaggo ta kawo rubutu, ta kawo turare, ta kawo malami daga Adakpame. Daga baya ita ma tsoro ya kama ta, da an kira salla sai ta shige ɗakina ta ja ƙofa.

Saura kwana uku a fita takaba na kasa daurewa. Na shiga da hantsi na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Mma, riga ce."

Ta dube ni. "Kina tsammani na haukace?"

"Ban ce ba."

"Shekara nawa ina wanke rigar nan? Na san riga ce. Na san ƙusa ce ta riƙe ta. Amma in na zauna a can, ya tsaya a bayana kamar yadda yake tsayawa in ina tankaɗe, yana cewa na cika gishiri. Shekara talatin da ɗaya, ke. Aka ɗauke shi a safiya ɗaya, aka ba ni wuƙa aka ce in kore shi in ya zo. Ni ban so korarsa ba."

Hawaye suka kece mini. "To ai wanda ya mayar miki da shi..."

"Na sani. Na gane muryarsa tun sallamar da ya yi ranar aikin. Na kuma sa masa albarka ina sane, ban janye ba. Yaron kirki ne."

Na kama ƙafarta. "To Mma, ki ce kin yarda."

Ta ɗaga ido ta dubi rigar da ke rataye.

"Da a ce ɗakin nan yana nan da duhunsa, wataƙila da na ce Malam ya tafi, maganarsa ta bi shi. Amma kullum magariba yana tsaye a kaina. Da wane baki zan ba da ke ga wanda ya ƙi, yana kallona? Ban ce ki auri Bobbo ba. Ki zauna, Allah zai kawo wani. In Issifou ya zo, zan ce masa maganar Malam tana nan."

"Mma, Abijan zai tafi. Ba zai dawo ba."

"Allah ya kiyaye hanya."

Na fito ina haɗa hanya. Wato da hannunsa Nata'ala ya yanka gilashi, ya ɗaure shi da kyau yadda ko damina ba za ta girgiza shi ba, ya dawo da mutumin da ya ƙi shi cikin gidan. Ni kuma na riƙe masa tsani.

*

Ranar ƙarshe ta zo. Gobe da safe Mma za ta yi wanka ta sa sabon zane, Baba Issifou ya zo karɓar amsa. Tun azahar nake zaune bakin murhu, maganar Nata'ala tana yi mini yawo a ka: wanda ke cikin duhu shi ke ganin na cikin haske.

Da rana ta yi ja na shiga gidan maƙwabciyarmu Mariyatu mai tuyar kifi, na ce ta ara mini fitilarta ta gas, mai famfo, wadda ke haska rabin layi in ta kafa teburinta.

"Biki za ku yi?" ta ce.

"Ban sani ba tukuna."

Aka kira salla, aka idar. Da Mma ta kunna fitilar ƙwai ta cire labule, daga tsakar gida ina ganinta tar ta cikin gilashin, ita ba ta ganina. Ta gyara kujera. Ta ɗaga ido ta yi murmushin da rabona da ganinsa tun Baba na da rai. Na kusa fasawa. Wace irin 'ya ce za ta raba uwarta da wannan?

Na buga famfon, na kunna. Fitilar ta yi huci ta kama, fari fat. Na ɗauke ta da hannu biyu na je na tsaya dab da tagar, daidai inda na san rigar take faɗowa, na ɗaga ta kusa da fuskata har zafinta yana lasar kumatuna.

Murmushin Mma ya ɗauke.

Na san abin da take gani. Farar rigar ta dushe, a inda duhun fuskar yake ga tawa fuskar, jiƙe da hawaye.

"Ke! Kashe fitilar nan." Muryarta ta fito ta ƙofar iskar da ke sama. "Kin ɓatar mini da shi."

"Ba zan kashe ba, Mma."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ban taɓa yi miki musu ba, ki yafe mini na yau. Kwana sittin kina hira da shi. Ni ina nan waje ina jin ki, ko sau ɗaya ba ki tambaye ni yadda na kwana ba. Ni ma ubana ne, ni ma ina kewarsa. Amma shi an yi masa salla an rufe shi, ni kuwa ga ni. In kin ce a'a gobe, na rantse ba zan bi Nata'ala ba, zan zauna. Sai dai ki faɗa mini a nan, kina kallon fuskata, ba tasa ba."

Gwaggo ta leƙo daga ɗakina. Na jira ta yi ihu. Ba ta yi ba, ta tsaya riƙe da ƙyaure.

Fitilar na da nauyi, ƙwari sun taru suna dukan fuskata. Mma tana kallona, ta waiwaya ta dubi rigar a bango, ta sake juyowa. Leɓenta yana motsi, ban san ko da ni take ko da shi ba.

Sai ta miƙa hannu ga fitilar ƙwai. A raina na ce za ta ƙara lagwani ne ta rinjayi tawa.

Ta murɗa shi ƙasa. Harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu.

Ɗakin ya yi duhu. Yanzu ni ce ba na ganin komai sai fuskata a gilashi, ita kuwa tana ganina duka, ba kowa a bayana sai igiyar shanya. Na tsaya a haka ban san iya lokacin ba, ina jin kukanta a hankali ta ƙofar iska.

"Meimuna."

Na kusa sakin fitilar. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Na'am, Mma."

"Ki aika a gaya wa yaron kada ya je Abijan." Ta ja numfashi. "Sannan ki shigo ki sauke rigar ubanki daga ƙusa. Ni ba zan iya ba."